Ƙugiyar da Manajan Talla Ya Raina

Ranar Talata, tara ga watan Mayu, ɗan ƙanwata ya zubar mini da mutunci a idon duniya. Shi ne manajan talla na wani kamfanin madarar gari. Duk hoto, bidiyo ko rubutun da kamfanin zai saka a intanet, sai ya bi ta teburinsa. Yaro ne mai kaifin basira, wannan ba na musu, don ni na koya masa karatu. Aibinsa shi ne, tun da ya hau kujerar nan ya fi ƙarfin gyara.

Shi ya tako har gida ya roƙe ni. "Kawu, fuskarka nake so. Rabin garin nan ɗalibanka ne. In ka ce abu fari ne, ba mai cewa baƙi ne."

Madarar kuwa ina shanta, sai na yarda. Aka ɗauke ni hoto a gaban kantar littattafaina, kofi a hannu. Na rubuta masa jimlar da kaina: "Wannan madara tana ƙara ƙarfin ƙashi." Na ce ya kawo in duba kafin a saki. Ya yi murmushi ya ce, "Kawu, nan kuma fagenmu ne."

Da tallar ta fito, babu ƙugiya ko ɗaya a kan haruffan. Ƙashin jiki ya koma kashi na bayan gida. Ga ni ina murmushi, a ƙasa an rubuta "tsohon malamin Hausa". Ni da na ƙarar da ƙuruciyata a gaban allo, ba ɗalibin da ya bar ajina bai san bambancin ƙafa da kafa ba.

Maiɗakina ce ta fara miƙo mini waya. "Malam, ashe sabon fanni ka koma koyarwa ban sani ba?" Wannan na shanye, wasa ne na cikin gida. Abin da ya soke ni shi ne kiran wata tsohuwar ɗalibata, wadda yanzu ita ma malama ce. Cikin ladabi ta ce, "Malam, yarana sun nuna mini. Suna cewa tun da kai ma ba ka sa ƙugiya, don me zan rage musu maki?"

Washegari na je ofishinsa. Ɗaki ne na gilashi, ga wani ƙaton allon kwamfuta a bango, jan layi yana ta hawa sama.

"Kawu, ka ga layin nan? Ba mu taɓa sakin tallar da aka yaɗa kamar wannan ba."

"Dariya ake yi, ɗan nan."

"Mai dariya ma ai kallo yake. A intanet, a yi maganarka shi ne riba. Kowa ya gane abin da ake nufi."

"Gyara rubutun. Aikin minti ɗaya ne."

"In na taɓa shi yanzu, wutar ta mutu. Ka yi haƙuri, zamaninku daban, namu daban."

Na miƙe na fita. Daga baya na ji har ƙara biya ya yi don a tura tallar ga mutane da yawa.

To, maganar ta fita daga waya ta shiga kasuwa. Aka laƙaba wa madarar sunan da bakina ba zai maimaita ba. Wace uwa ce za ta tsaya a kanti ta nemi abin da ake kira haka, ta kai wa ɗanta? Masu shaguna suka fara mayar da katan-katan. Layin kallo yana hawa, na ciniki yana gangarowa. Kamfanin ya sauke shi daga kujerar, aka goge tallar shiru-shiru kamar ba a yi ba.

Da ƙanwata ta ji ina neman a fito a wanke ni, sai ta zo tana share hawaye. "Yaya, ai ya ga sakayya, ka bar shi haka."

Na ce, "Kamfanin ya hukunta shi ne don asararsa. Sunana fa, wa ya wanke?"

Darasin a bayyane yake. Yawan masu kallo ba shi ne yawan masu yarda ba, kuma wanda ya raina ƙaramin gyara zai sha babbar kunya. Duk mai riƙe da bakin kamfani ya sani amanar harshe da ta mutane ce a hannunsa. Ni ban nemi diyya ba, ban kuma yi murna da faɗuwar ɗan ƙanwata ba. Amma a bainar jama'a aka ɓata ni, don haka a can za a wanke ni. Ina buƙatar shi da kamfanin su fito a shafin da suka saka hotona, su bayyana cewa daidai na rubuta, su suka ɓata, su ba ni haƙuri, su ba ɗalibaina.