"To" Ɗin Hansatu da Kati Ɗaya

Ku matso kusa, ku kife wayoyin nan. Labarin ba shi da tsawo, amma gardamar da ke bayansa taku ce, don ni na daɗe da gajiya da ita.

Akwai wata yarinya, Hansatu, da ta samu shiga ajin share fage a wata kwalejin koyon aikin jinya. Su ɗari da ashirin aka ɗauka, guraben zama nas kuwa arba'in ne kacal. Bayan wata shida ake yin jarrabawar da ɗalibai ke kira tankaɗe: gari ya wuce, tsaki ya koma gida. Hansatu ba ta da halin zama tsaki. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikin mahaifiyarta, Inna, ya shanye. Ita ke yi mata wanka, ta juya ta, ta ba ta kunu a baki, sannan ta kama hanyar makaranta. Saboda Innar ma ta nemi aikin jinya tun farko.

Yarinyar na da kai, ga ladabi. Ladabin ne ma ya so ya yi mata yawa. Duk abin da babba ya faɗa mata, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "To." Ku kun sani, "to" a bakin mai kunya na iya zama na yarda, yana iya zama na ji kawai. Na Hansatu kusan kullum na ji ne, amma wa zai tsaya ya tambaye ta?

A wata na biyu aka kafe sunaye ashirin a allo, har da nata, aka ce an gayyace su ajin zaƙaƙurai. Talata da Alhamis da yamma, Asabar tun safe har azahar, ga bincike ga rubuce-rubuce. Wanda ya gama zai samu takardar yabo, amma makin ajin ba ya shiga tankaɗe. Mai so ya rubuta sunansa kafin Litinin ta wuce. Hansatu ta ji daɗi har cikin ranta, sannan ta tuna da Inna, sai daɗin ya koma tsoro. Ran Lahadi ta kai maganar gaban mutum uku.

Yayanta Ɗanlami tela ne. Ko ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinki bai yi ba ya ce, "Shiga za ki yi. An kira ki da suna, ki ce ba ki zuwa?" Ta ce, "To."

Goggo Lantana, ƙanwar mahaifinsu, ta yi shekara talatin tana ungozoma a asibiti kafin ta ajiye aiki. Ta ce, "Kada ki kuskura. Takardar yabo ba ta sa wa mutum farar hula. Ki tsallake tankaɗe tukuna." Ta ce, "To."

Ƙawarta Balaraba, ajinsu ɗaya, ba a sa sunanta cikin ashirin ɗin ba. Ta ce, "Idan kin shiga, ki bar mini Inna duk Asabar." Ita ma ta samu nata "to" ɗin.

Hansatu ta kwana da nufin ta bar Litinin ta wuce shiru, shi ke nan magana ta mutu da kanta. Ba ta san Ɗanlami ya riƙe nasa "to" ɗin da hannu biyu ba. Da hantsi ya rufe shago, ya je kwalejin a matsayin waliyyinta, ya rubuta sunanta. Bai tsaya nan ba. Ajin yamma na tashi bayan motocin unguwarsu sun yi wuya, don haka duk Talata da Alhamis yakan bar ɗinki ya je ya ɗauko ta a babur, ga shi lokacin ɗinkin Sallah ne. Masu kaya suka zage shi son ransu, wasu suka kwashe yadinsu suka kai wani wuri. A wannan ajin ne wata malama mai tsanani ta dasa wa Hansatu lissafin awon magani a ka: yaro mai nauyi kaza, cokali nawa, ɗigo nawa a minti. Sauran ɗalibai lacca ɗaya tak aka yi musu a kai.

Balaraba kuma ba ta taɓa fashin Asabar ba. Ta koyi yadda ake tallabe kafaɗar Inna, da irin ɗumin ruwan da take so, da cewa ba ta shan kunu sai an sa tsamiya. Asabar ita ce ranar da ɗalibai ke haɗuwa su yi bitar mako, ita kuwa tana can tana wankin zannuwa. Da babu ita, da Hansatu ba ta leƙa ajin nan ko sau ɗaya ba, don ba za ta bar Inna ita kaɗai ba ko da za a ba ta kwalejin kyauta.

Goggo Lantana tana gidanta hankali kwance, ai an ce mata "to". Saura mako shida tankaɗe ta zo duba Inna da la'asar, ta tarar da Hansatu zaune a bakin gado tana gyangyaɗi, kofin kunu ya karkace a bakin marar lafiya. Ta fizge kofin. A kan tabarma kuma ga takardar gwajin ilimin sassan jiki, maki talatin da ɗaya cikin ɗari.

"Ke! Ba kin ce mini to ba?"

"Na ce, Goggo."

"To ɗin me?"

Hansatu ta fashe da kuka, don ita ma ba ta sani ba.

Dokar ajin ita ce, wanda ya fita a tsakiya sai an rubuta masa a fayil cewa ya gaza. Shugabar kwalejin kuwa a hannun Goggo ta koyi aiki, kuma ta sha faɗa ba kaɗan ba, har ba sa ga maciji da juna. Kwana uku Goggo na zaune a benci a ƙofar ofis kafin a ce ta shigo. Tsohuwar da ba a taɓa jin ta ba wani haƙuri ba, ranar ta durƙusa. Aka cire sunan Hansatu, fayil ɗinta fes. Ɗanlami ya yi mako biyu ba ya gaishe da Goggo. Hansatu dai ta samu barci, ta samu yammacinta, ta zauna ta haddace ƙasusuwa da jijiyoyin da suka tsere mata.

Ranar da aka kafe sakamako, daga ƙasa ta fara dubawa don ba ta da ƙarfin halin farawa daga sama. Ta ga sunanta a na talatin da bakwai. Ta zauna a ƙasa tana hamdala, tana dariya, hawaye na zuba. Malamar nan mai tsanani ta gaya mata gaskiya: tambayar awon magani ce ta kayar da rabin aji, ita kuma ta cinye ta duka, a sassan jiki kuwa da maki biyu ta haye. Da ɗaya ya kuɓuce mata, awon magani ko sassan jiki, da ta tafi gida.

Sunan Balaraba bai fito ba, sai dai an ba ta damar maimaitawa baɗi. Ta rantse ba Asabar ce ta kayar da ita ba, lissafi ne da ba su taɓa shiri ba tun firamare. Ko gaskiya ta faɗa ko kara ta yi, Allah ne masani.

Sai aka zo bikin sanya hula. Zauren ƙarami ne, kowace ɗaliba kati ɗaya aka ba ta, kuma mai katin shi zai hau ya ɗora mata farar hular a kan hijabi. Inna ba ta iya fita. Hansatu ta kai mata katin, Inna ta juya shi da hannunta mai lafiya, ta mayar mata, ta ce, "Ki ba wanda ya fi yi miki."

Ɗanlami ya riga ya ɗinka sabuwar riga. Goggo ta ciro tsohon mayafinta na zuwa taro ta sa an goge. Balaraba kuwa ƙarfe nawa za a fara kawai ta tambaya. Hansatu na tsaye da kati a hannu, ta gane cewa yau "to" ba zai fisshe ta ba.

Saura ku. Wanda ya shigar da ita ajin, da wadda ta fitar da ita, da wadda ta riƙe mata Inna har ta shiga ta fita, wa za ta miƙa wa katin nan?