Ranar da Tunau Ya Haɗiye Fitonsa

Dalilin da ya sa kare, duk jarumtarsa, yake lafe kunnuwa ya kutsa ƙarƙashin gado da zarar kun tayar da nokawut ɗin nan naku, ba tsoro kaɗai ba ne. Ku ajiye ashanar nan tukuna, ku matso in gaya muku.

A da can kare ba ya ko ƙifta ido don ƙarar bindiga. A wani ƙauyen maharba da ke gindin dutse an yi wani mutum ana ce masa Tunau, yana da baƙin kare mai suna Duna. A zamanin nan maharbi da karensa sukan yi magana kamar yadda nake yi da ku yanzu. Tunau yana da 'ya tilo, Kyauta, wadda uwarta ta rasu ta bar masa. Allah ya yi ta da wani irin kunne. Ƙarar da wani zai ji ya wuce abinsa, ita sai ta ji ta har cikin ƙashi. In mata uku suka haɗu a turmi ɗaya, sai ta bar musu gidan. Wasu suka ce shagwaɓa ce, wasu suka ce iska. Ita dai ba ta musu da kowa, tana zaune bayan danga tana kaɗin auduga.

To, bindigar toka ba a shiga gida da ita a ɗure. In maharbi ya dawo bai harba ba, dole ya tsaya a bakin gari ya juya bakinta sama ya harba ta. Duk ranar da Tunau ya yi haka, sai ya shigo ya tarar da 'yarsa a ƙudundune, jikinta na ɓari. Abin yana cin ransa, amma bai san yadda zai yi ba.

Rannan Duna ya ce masa, "Maigida, ni ƙara ba ta damuna, don ina ganin yatsanka kafin ka ja kunama. Ita kuwa ba ta ganin komai, sai dai kawai ta ji sama ta faɗo mata."

Tunau ya ce, "To in bar harbi, mu ci me?"

"Ban ce ka bari ba. Ka yi fito sau uku, ka ɗan dakata. Ni zan kai mata labari."

Haka aka shirya. Tunau ya yi fito, Duna ya sheƙa gida ya taɓa ta da hanci, ita kuma ta cusa auduga a kunne ta ɗora tafin hannu a kai. Ƙara ta zo ta wuce, ta ɗauki mazarinta ta ci gaba da kaɗi. Shekara bakwai ana haka, Tunau bai taɓa mantawa ba.

Ana nan aka naɗa Tunau Sarkin Baka, wato shugaban maharba. Maharba suka zo daga ko'ina da hantsi, suka cika ƙofar gidansa, makaɗa na ta kaɗi. Al'adarsu ita ce sabon sarki ya fara harbi a ƙofar gidansa, sauran su amsa masa ɗaya bayan ɗaya. Tunau ya ɗura albarushi, ya ɗaga bindiga, ya tsuke leɓe zai yi fito.

Sai wani maharbi daga hayin kogi, Barau, wanda ya so sarautar bai samu ba, ya ɗaga murya ya ce, "Ashe gaskiya ne, Sarki. An ce mana bindigarka ba ta tashi sai ta nemi izinin kare."

Aka kwashe da dariya. Tunau ya ji kunya ta rufe shi, ga rawani sabo a ka, ga baƙi sun zuba masa ido. Ya ce a ransa, ai Kyauta ta san yau ranar harbi ce, tana can ƙuryar ɗaki. Bai leƙa ba, kuma ya san bai leƙa ba. Ya sauke bindiga ya ƙara mata albarushi don ya rufe wa Barau baki, ya haɗiye fitonsa, ya ja kunama.

Kyauta ba ta ƙuryar ɗaki. Tana nan bayan danga, taku biyu tsakaninta da shi. Tun da take ba ta taɓa matsowa kusa da taro ba, amma ran nan ta daure, don tana son ta ji da kunnenta yadda ake yi wa ubanta kirari. Audugarta na hannu, Duna na jingine da ita, su biyu suna jiran fito.

Dangar ta hana Duna ganin yatsan maigidansa. Karon farko ke nan da ƙara ta same shi ba shiri, ta kuwa shige masa har ƙwaƙwalwa. Ya yi wani kuka, ya ruga ya kutsa ƙarƙashin rumbu. Kyauta ta rarrafa ta bi shi, audugar ta zube a hanya. Kafin ta ankara, bindigogi talatin suka fara amsawa a jikin dangar, wannan na ƙarewa wannan na tashi.

Da hayaƙi ya lafa, Tunau ya shiga gida. Ya ga mazari a yashe, ya ga auduga a ƙasa. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin rumbu. Ga Kyauta kwance a kan Duna, ta danne masa kunnuwa da hannayenta biyu. Hannu biyu ne da ita, duka ta ba shi.

Ya kira sunanta, ba ta juyo ba. Ya sake kira. Sai da ya taɓa ƙafarta sannan ta ɗago, ta dube shi, ta ce da ƙarfi, "Baba, me ya sa makaɗan suka yi shiru?"

A waje kuwa ganguna na ta tashi.

Tunau ya zauna a ƙasa da rawaninsa ya yi kuka. Duna ya fito a hankali, kunnuwansa a lafe yadda ta danne su, ya ce, "Ba nama ka harba ba, ba maƙiyi ba. Fito uku kawai muka roƙe ka." Wannan ita ce magana ta ƙarshe da kare ya yi da ɗan Adam.

Tunau ya yi shekaru bayan haka, bai sake jan kunama ba sai ya yi fito sau uku, ko da a tsakiyar daji ne. Amma Kyauta ba ta ƙara jin fiton ba, Duna kuma bai ƙara yarda da shi ba.

Shi ya sa har yau, in kuka fasa nokawut ranar biki, za ku ga kare ya lafe kunnuwa yana ɓari, yana neman rami ko ƙarƙashin gado. Hannun Kyauta yake nema. Kafin ku ƙyasta ashanar nan, wani a cikinku ya zagaya ya duba wa ke zaune a bayan katanga.