Takardar da Barau Ya Sha

Barau kakan Iyarmu ne. A gidanmu ba a son a tayar da zancensa, shi ya sa nake rubuta wannan a bayan littafin lissafina. Iya ta ce mutum ne mai kyauta, ga ƙarfi, amma girman kai ya yi masa yawa. Bai yarda wani ya san abin da shi bai sani ba.

A shekarun da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta wajen garinsu Gagarawa, Barau yana kai fata Kano a kan jakuna. Wata rana zazzaɓi ya kayar da shi a tsakiyar kasuwa. Mutane suka kinkime shi sai asibiti. Kwana uku bai san inda kansa yake ba. Da ya farfaɗo, ya ga fuskarsa a kumbure, fatar jikinsa tana saɓulewa. Ya ɗauka aikin zazzaɓin ne.

Ranar sallama, malamin asibiti ya miƙo masa takarda.

"Zauna in karanta maka, Malam Barau. Akwai magana a ciki. Duk inda za a yi maka magani, ka fara nuna ta."

Barau ya ga fatake 'yan'uwansa suna kallo daga bakin ƙofa. Ya fizge takardar.

"Ni za ka zaunar kamar ɗan makarantar allo? Na sauke Alƙur'ani tun kana cikin tsumma."

Ya cusa ta a aljihu, ya fice.

A gida ya ba da labarin yana dariya. Matarsa Kyauta ce kawai ba ta yi dariya ba.

"Malam, da ka kai ta Gumel an karanta maka."

"Ke, rubutu ai rubutu ne. Na san yadda ake yi da shi. Kawo ƙwarya."

Ya jiƙa takardar a ruwa, ya murje ta har tawadar ta narke, ya shanye kamar rubutun sha. Ya goge baki ya ce, "To, maganin Bature ya shiga inda ba zai ɓata ba."

Bayan shekara, da kaka, zazzaɓin ya dawo. Kyauta ta tuna maganar malamin asibiti, hankalinta ya tashi. Ta sami ƙanen mijinta, Cindo, a bakin rumbu.

"Don Allah ka je Kano. Waɗanda suka rubuta a takarda, ba za su rasa inda suka ajiye wani rubutun ba."

Cindo ya shiga ɗakin Barau. "Yaya, kwana bakwai kawai. Kada ka bari kowa ya taɓa ka sai na dawo."

"Je ka, sarkin tsoro," in ji Barau.

Cindo ya sha wuya. Kwana uku a hanya, kwana guda a ƙofar asibiti ana ce masa jira. Daga baya malamin nan ya fito. Ya tambayi sunan mara lafiyar, da na ubansa, da garinsu, da watan da aka kwantar da shi. Ya buɗe wani babban littafi yana bin layi da yatsa. Sai ya tsaya cak.

"Innalillahi! Shi ne mutumin da ya ƙi zama? Ai ba zazzaɓi ne ya kumbura shi ba. Allurar da aka yi masa ce jikinsa bai karɓa ba, da kyar aka ceto shi. In aka sake yi masa irinta, sai dai wani ikon Allah."

Ya kwafa masa a sabuwar takarda. Cindo ko abinci bai tsaya ci ba.

Ashe ranar kasuwa wani mai yawo da allura ya sauka Gagarawa, yana cewa irin ta asibitin Kano ce. Barau ya sa aka kira shi. Kyauta ta durƙusa tana kuka.

"Malam, saura kwana biyu Cindo ya dawo."

"Ita ce ta warkar da ni bara. Ni na kwanta a asibitin ko ke?" Ya miƙa hannu aka yi masa allurar.

Cindo ya iso da hantsi, ƙafafunsa duk sun fashe. Tun daga nesa ya hango tabarmi a ƙofar gida, dattawa a zazzaune. Ya tsaya da takardar a hannu, ya rasa wa zai miƙa wa.

Kyauta ce ta karɓa. Tana nan har yau a ƙasan kwallar Iya, ta yi ja, duk ta karye a wajen ninki. Bara Iya ta ce in karanta mata. Layi huɗu ne kawai. Ko minti ɗaya ban yi ba na gama.

Darasin shi ne: in an sallame ka daga asibiti, musamman in ba ka cikin hayyacinka lokacin da aka kai ka, ka tambayi abin da aka yi maka. Ka karɓi takardarka, ka sa a karanta maka, ka adana ta. In ta ɓata, ka koma a duba maka kafin ka yarda da wani magani. Cewa "ban sani ba" ba ta rage wa kowa daraja. Barau ya ƙi zaman minti ɗaya don kada a raina shi, ya bar mace da marayu uku.