Sakatar Bindigar Ranau

Tun zamanin da dajin kudancin Kurnawa bai san gatari ba, giwaye na keta shi zuwa gulbi, ɓauna na kiwo a inda yau ake cin kasuwa, aka yi wasu maharba biyu da har yanzu ba a ambaton ɗaya a bar ɗaya. Babban shi ne Arzika, ƙaramin Ranau. Ba ciki ɗaya suka fito ba. Arzika ne ya ɗauki Ranau yana maraya, ya koya masa bin sawu da gane inda iska ta dosa, ya ɗora masa bindiga a kafaɗa ranar da ya isa ɗauka. Ranau na ce masa Yaya, kuma duk Kurnawa ba wanda ya taɓa gyara masa.

Arzika gwanin farautar burtu ne. Dole in tsaya in yi bayani, don yaran yanzu ba su san burtu ba sai a bakin tsofaffi. Tsuntsu ne babba, baƙi, mai dogon baki, yana yawo a ƙasa yana tsince-tsince, kuma namun daji ba sa tsoronsa ko kaɗan. Sai maharbi ya sami kan burtu ya busar, ya kafa shi a itace mai lanƙwasa, ya ɗaura a goshinsa, ya yafa baƙin zane, ya durƙusa yana rarrafe yana kaɗa kai kamar mai neman fara. Haka zai shiga tsakiyar garke. An ce Arzika ya taɓa kai wa gwanki kusa har ya tsinke masa gashin wutsiya ya dawo da shi gida, don kawai a daina yi masa musu. Makaɗan maharba na yi masa kirari: Arzika baƙin tsuntsu mai hannu, barewa ta yi kiwo da ajalinta. Ranau kuwa ido Allah ya ba shi. Nasa kirarin shi ne: Ranau na Arzika, mai hango kunnen zomo a bayan tudu.

Bindigar maharba a lokacin adaka ce, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a danna tsumma, a daka da sanda. Nauyi gare ta kamar taɓarya, in ruwa ya taɓa ta sai ta yi maka shiru a gaban ɓauna, kuma ba ta cin nesa. Dole ka matsa har ka ga ƙiftawar idon abin da za ka harba. Maharba suna zaginta kullum, amma ba wanda ya lura da alherin da ke cikin gajartar nan tata.

Wata shekara da damina ta kusa, Ranau ya tsinci wani tsohon soja a gefen hanya, yana komawa gida daga yaƙin Kamaru, maciji ya sare shi. Ya goyo shi zuwa gida, ya yi masa magani har ya miƙe. Da sojan zai tafi sai ya kwance wani ƙunshin tabarma ya fito da bindiga gajera, siririya, da jakar harsasai, ya ba Ranau tukwici. Ba ta baki ake ɗura ta ba. A gefenta akwai wani ƙarfe mai ƙulli kamar sakatar ƙofa: ka ɗaga, ka ja baya, kwanso ya yi tsalle ya fita, ka tura gaba, sabon harsashi ya shige. Sojan ya nuna masa har yadda ake zare sakatar gaba ɗaya a goge ta. Tun daga ranar mutanen Kurnawa suka sa mata suna mai sakata.

Sarkin Baka na wancan zamani, wato shugaban maharba, wani dattijo ne mai suna Nomau. Ya juya bindigar a hannunsa, ya ɗaga ta da yatsu kamar kara, ya taɓe baki.

Ya ce wa Ranau, “Wannan abin wasan yara ne ko makami? To, ka san doka. Makami ba ya shiga farautar gayya sai mutum ɗaya ya yi damina da shi a daji, ya dawo gaban jama'a ya faɗi kirkinsa da aibinsa. Kai ka kawo ta, kai za ka auna ta.”

Akwai wata doka kuma da ta fi wannan tsufa. Idan maharbi ya harbi mutum bisa kuskure, ana ce masa ƙaddarar daji, a yi addu'a a wuce. Amma wanda ya saki harbi alhali zuciyarsa na shakkar abin da yake gani, wannan an cire shi daga maharba ke nan har ya mutu. Kowa kuma ya san Ranau ake sa ran zai gaji Nomau.

Ranau ya shiga daji da mai sakata, kuma gaskiya ta burge shi. Yakan wuni da ita a kafaɗa ya manta tana nan. Ruwa ya yi masa duka har ya jiƙe jagab, ya ja kunama, ta tashi. Ba ta cika masa ido da hayaƙi, ba ta naushin kafaɗa irin na adaka. Wata rana ya kuskure gyadon daji, dabbar ta juyo kansa, kafin ta iso ya ja sakata ya sake harbi, ta faɗi a gabansa. Da adaka ce a hannunsa, da a kan bishiya labarin zai ƙare. Abu guda ne ya rage bai sani ba, kuma shi ya hana shi sakat: iyakar nisan da take ci.

Ranar da abin ya faru, da safe, Arzika ya leƙo zaure ya same shi yana goge sakata da man shanu. Ya ce masa zai bi ta fadamar kanya, ya ga sawun gwanki a can. Ya ƙara da cewa kan burtunsa ya tsufa, bakin ya fara tsagewa, in an dace da sabo yana so. Ranau ya ce to, Yaya, bai ɗago kai ba. Maganar sabon kan burtu ta zauna masa, maganar fadama ta bi iska.

Da hantsi ya hau wani tudu, ya hango fadama shimfiɗe a ƙasa, ciyawa ta yi kore shar. Can nesa, inda adaka ko a mafarki ba ta kaiwa, ga burtu yana tafe yana kaɗa kai. Ranau ya ji daɗi ya kama shi. Ga abin auna nisa, ga kuma kyautar da zai kai wa Yaya. Ya durƙusa, ya ɗora bindiga a kafaɗa.

Sai wani abu ya taɓa masa zuciya. Burtu ba ya yawo shi kaɗai, da abokin kiwo ake ganinsa. Wannan kuwa shi ɗaya ne, kuma bai ga ya buɗe fiffike ba. Ranau ya sauke bindigar. Ya zuba ido, ya ga baƙin abu, ya ga dogon baki yana sama yana ƙasa. Da zai sauka tudun ya matsa, da ya gane. Amma in ya matsa, nisan da yake son aunawa ya tafi. Bindigar kuma ba ta da nauyin da zai sa hannu ya yi nawa. Ya sake ɗaga ta, ya ja kunama.

Burtu ya faɗi. Ya yi ƙara da muryar mutum.

Waɗanda suka ba da labarin sun ce Ranau bai san yadda ya sauka tudun nan ba. Ya tarar da Arzika kwance cikin ciyawa, kan burtu ya karkace a goshinsa, harsashi ya shiga ta ƙugu ya farfasa ƙashi. Ranau ya yage rigarsa ya ɗaure raunin yana kiran Yaya, Yaya, kamar yaron da ya ɓata a kasuwa. Arzika ya buɗe ido ya dube shi, ya dubi bindigar.

Maɗorin da aka ɗauko daga Kurnawa ya ce in aka ɗaga mutumin nan daga wurin, gawa za a kai gida. Saboda haka Ranau ya kafa bukka a kansa, a nan gindin kanya. Gwamma matar Arzika ta taso da tukwanenta ta tare. Ruwan fadama ya ƙafe bayan damina, gulbi kuma da nisa, sai Ranau ya kama haƙa rijiya shi kaɗai, dab da inda jinin ya zuba. Ya yi farauta ya ciyar da su, ya share gona, ya yi ta ɗaga Arzika yana kwantarwa. Duk wanda ya zo dubiya sai ya yaba masa, ya ce ƙaddarar daji ce, laifin baƙuwar bindiga ne. Kowace yabawa kamar ana zuba masa barkono a ciwo take. Ya rame, ya daina haɗa ido da mutane, abinci ma sai Gwamma ta yi masa faɗa.

Wata rana ta ce masa, “Kai Ranau, wanda aka harba yana cin tuwo, kai da ka yi harbin kana neman mutuwa? In akwai abin da ke cinka, ka fito da shi, ni ba zan yi jinyar mutum biyu ba.”

Ranau ya tashi. Ya koma cikin rijiya ya ci gaba da haƙa.

Arzika ya rayu, amma ƙafar ta shanye, rarrafen burtu ya ƙare masa har abada. Da lokacin hukunci ya yi, tunda shi ba ya iya zuwa Kurnawa, Sarkin Baka ya kwaso maharba suka zo gindin kanya. Aka shimfiɗa buzu, aka ajiye mai sakata a tsakiya. Kowa ya riga ya yanke nasa hukuncin. Wani ya zo da guduma.

Nomau ya ce, “Ranau, faɗi aibinta mu ji, a farfasa ta, a rufe maganar. Kai ba ka da laifi. Baƙin ƙarfe ne ya ci amanarka.”

Kalma ɗaya ta ishe shi. Da zai ce tana da mugun hali, sai a sa guduma, ya koma gida da sunansa da gadon sarautarsa. Ranau ya miƙe tsaye.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, an aike ni in auna ta, kuma na auna. Ba ta gajiyar da kafaɗa. Ruwa ba ya kashe ta. Harbi na biyu yana zuwa kafin dabba ta iso ka, wannan kaɗai zai hana a yi marayu da yawa a cikinmu. Inda ka nuna, nan take zuwa. Ban sami ƙarya a jikinta ba. Abin tsoronta guda ne: tana kaiwa inda ido bai gama gani ba, kuma ba ta da nauyin da zai ba mutum lokacin tunani. Adaka ce take tilasta mana matsawa, mu muna zaton hankalinmu ne.” Ya dubi Nomau. “Ni kuwa na yi shakka. Na ga burtu shi kaɗai, zuciyata ta ce mini tsaya. Na sauke bindiga. Sannan na sake ɗagawa, don ina son in san nisanta. Kada ku fasa ta saboda ni.”

Mai guduma ya ajiye gudumarsa a hankali. Sai aka ji muryar Arzika daga kan gadon kara.

Ya ce, “Na sani.”

Ranau ya juya.

“Na hango ƙyallin ƙarfe a kan tudu, na san kai ne. Na yunƙura zan miƙe in cire kan burtu, sai na ga ka sauke. Na ce a raina, yarona ya gane ni. Shi ya sa na ci gaba da rarrafe.”

Ranau ya zube a ƙasa, ya kifa fuskarsa a ƙafar nan da ta shanye, ya yi kuka irin wanda maharba ba su taɓa ganin namiji ya yi ba. Ashe duk watannin nan da yake ɗaga shi yana kwantarwa, mutumin ya sani, yana jira ne kawai ya ji daga bakinsa.

Doka ba ta da ɗan gida. Nomau ya cire Ranau daga maharban Kurnawa, sarautar baka ta tafi wani gida. Bindigar kuwa aka yarda da hukuncinsa a kanta, ba a fasa ba. Da aka rasa wanda zai riƙe ta, Arzika ya ce a miƙo masa. Ya zare sakatar ya sa a aljihu, ya tura wa Ranau sauran.

Ya ce, “Nan ba Kurnawa ba ce, kuma gidana na bukatar nama. Bindiga taka, sakata tawa. Duk ranar da za ka fita, ka zo ka karɓa a hannuna.”

Haka suka zauna. Kowace fita sai Ranau ya durƙusa a ƙofar bukkar, Arzika ya miƙa masa ƙarfen ya ce, “In ka sauke, kada ka sake ɗagawa.” Ranau ya ce, “Na ji, Yaya.” Bai taɓa komawa Kurnawa da zama ba. Mafarauta da makiyaya suka riƙa yada zango saboda rijiyar, wasu suka kafa bukkoki, har wurin ya zama gari. Shi ne Tungar Sakata.

Rijiyar na nan a gindin kanya. Da damina ruwanta yakan yi ja-ja. Masu ilimin zamani sun ce jar ƙasa ce, tsofaffin garin kuma ba sa musu da su, ba sa kuma yarda. Bindigar tana gidan jikokin Ranau, rataye a zaure, tsatsa ta cinye bakinta. Sakatar tana gidan jikokin Arzika, naɗe cikin baƙin zane tare da tsohon kan burtu mai tsagaggen baki. Har yau maharbin Tungar Sakata ba ya kwana da bindigarsa a haɗe, wani ɓangarenta yana hannun wani babba nasa, kuma ba a ba shi sai an faɗa masa kalmomin nan.

An ce bayan rasuwar Arzika, Gwamma ta kawo wa Ranau sakatar har gida, ta ce yanzu tasa ce. Ya ƙi karɓa. Washegari aka gan shi, da furfurarsa, durƙushe a ƙofar bukkar da ba kowa a ciki, ya miƙa hannu yana jira.