Auta da Manhajar Aro

Akwai wani saurayi da kowa ke kira Auta. Ya yi karatun kwamfuta, kuma ba laifi ya iya, sai dai yana da mugun hali guda: ya ɗauka duk duniya babu mai wayonsa. Kafin ka rufe baki ya ce, "Na sani." Mai irin wannan hali ba a yi masa faɗa, sai dai a zuba masa ido.

Yayarsa tana da kamfanin wanki da guga, har da rassa. Suna wanke kayan mutane, da na asibiti, da na wani babban otal wanda shi ne ƙashin bayan kamfanin. Tun asali, idan kaya suka shigo, a kan rubuta sunan mai su a ƙyalle a maƙala. Aikin ya yi yawa, sai Yaya ta ce wa ƙanenta ya gina musu manhaja, wadda kowane reshe zai buɗe ta intanet ya ga kayan wane suna ina.

Masu sayar da kayan gina irin wannan manhaja sukan ba mutum gwaji kyauta na wata guda. Ba a kwamfutarka abin yake zama ba, a nasu injinan ne can nesa, wai shi girgije. Ka shiga, ka taɓa, ka gani. In ya yi maka ka saya. In ba ka saya ba, su share duk abin da ka gina su ba wani wurin.

Auta ya gwada na wannan, ya gwada na wancan, ya dawo kan na farko. Suka ce ai wannan imel ɗin ya riga ya ci nasa gwajin. Maimakon ya je ya gaya wa yayarsa a saya, sai ya buɗe sabon imel da sunan da ya ƙirƙira, ya sake karɓar wani watan. Daga ranar bai ƙara leƙa akwatin imel ɗin nan ba.

Abokinsa Dogo, wanda suka yi makaranta tare, ya same shi a ofis yana ta danne-danne.

"Kai, a kan na gwaji kake zuba kayan mutane?"

"Na sani."

"Ban gama ba ai. Ɗakin aro ne fa. Ko kwafi ka ajiye?"

"Dogo, tsawonka ne kawai ya fi nawa. In lokaci ya zo zan san yadda zan yi."

Manhaja ta yi kyau, wannan ba a musu. Yaya ta zo ta tsaya a bayansa, hannu a ƙugu, tana kallo.

"Auta, wannan abu ba saye ake ba?"

"Yaya, masu jin tsoro ne ke saye. Ki bar min."

"Ni dai ban taɓa ganin banza ta kai zomo kasuwa ba."

"To yau kin gani."

Nan ya kawo shawarar da ta fi duka muni. Ya ce a daina rubuta suna a ƙyalle, ɓata lokaci ne, kuma abin tsofaffi ne. Lamba kawai za a maƙala, manhaja ta san mai ita. Wani tsoho mai guga ya ɗaga dutsen guga ya ce, "Ranka ya daɗe Injiniya, in girgijen ya yi ruwa fa, sunayen ba za su jiƙe ba?" Aka yi dariya. Auta ya ce jahilci ciwo ne.

Watan ya cika, bai lura ba. Waɗanda suka ba shi gwajin sun yi ta aiko da gargaɗi, har suka ƙara masa 'yan kwanaki na alfarma, amma duk a akwatin da ba ya buɗewa.

Wata safiya ma'aikaciyar da ke karɓar kaya a kanta ta buɗe kwamfuta, ta ga farin shafi da 'yan kalmomi. Ta kira Auta.

"Injiniya, wai gwaji ya ƙare. Gwajin me?"

"Intanet ne. Kashe ki kunna."

Ta kashe ta kunna. Kafin ya ƙaraso, rassan duka sun bugo waya. A ɗakin baya ga ƙunshin kaya a leda jere har rufi, wankakku, gogaggu, kowanne da lambarsa, babu wanda ya san na waye.

Auta ya zauna gaban kwamfuta. Ya nemi shiga imel ɗin, lambar sirri ta ɓace masa. Ya buga wa kamfanin da ya ba shi gwajin waya. Wata mata ta amsa cikin ladabi ta tambayi sunansa. Ya faɗa. Ta ce ba shi ne a rubuce ba. Ya yi ta ƙoƙarin tuna sunan da ya ƙirƙira, ya kasa.

"Malam, ba za mu yi maganar asusun wani da kai ba," in ji ta. "Kuma ko naka ne, abin da ke kan gwaji sharewa ake yi. Yana cikin sharuɗɗan da aka amince da su."

"Wa ke karanta wannan dogon rubutu?"

"Don a karanta aka rubuta shi, malam."

A waje kuwa mutane sun cika kanta. Wani yana neman kwat ɗin da zai shiga taro da shi. Wata aka miƙa mata wandon da mutum biyu za su shiga, ta ce, "Mijina ya yi ƙiba, amma bai kai haka ba." Masu riguna dai sun gane nasu a hankali. Amma zannuwan gado da tawul duk farare ne, na otal da na asibiti. Direba ya matsa, motar otal na jira, Auta kuma bai iya cewa bai sani ba. Ya nuna wani tari ya ce, "Waɗannan ne." Aka loda.

Da rana manajan otal ya zo da kansa, ya shimfiɗa zani a kan kanta. A gefensa ga tambarin asibiti.

"Hajiya, a gadon baƙona aka ga wannan. Ya tattara kayansa ya tafi. Shekaru muna tare, ban taɓa ɗaga miki murya ba, yau ma ba zan ɗaga ba. Ki haɗa min nawa, daga gobe zan kai wani wuri."

Yaya ta ba shi haƙuri har bakin mota. Bai juyo ba.

Ta dawo ta sami Auta a gaban kwamfuta yana cike wani sabon shafi.

"Me kake yi?"

"Yaya, akwai wani kamfanin da ke ba da gwaji. Kafin yamma zan..."

Ta miƙa hannu ta rufe kwamfutar. "Tashi. Uwa ɗaya ta haife mu, shi ya sa ba zan kore ka ba. Wuce ɗakin baya. Duk ledar da ke can ka kwance ta, ka nemo mai ita. Wanda ya zage ka, ka ce ka gode."

Ya buɗe baki zai yi magana, ta kalle shi. Ya wuce. Otal bai dawo ba, kuma saboda rashinsa dole Yaya ta rufe reshe guda, ta sallami mutanen da ba su ci ba, ba su sha ba.

Darasin a fili yake. Abin da aka ba ka don ka gwada, gwada shi kawai, kada ka ɗora masa amanar mutane. In ya yi maka, saya ta hanyar gaskiya da sunanka na gaskiya, ka karanta abin da ka sa wa hannu. Zanen aro ba ya rufe katara. Kuma duk wanda "na sani" ta cika masa baki, to "da na sani" na tafe, sai dai abin takaici, ba shi kaɗai take samu ba.