Tsakuwoyin Nomau da Kunun Gwaggo Kande

Ku matso kusa. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wani mutum ne wai shi Nomau, sarkin son ƙirga. Abin da duk ya gani sai ya jefa masa tsakuwa a gora. A garinsu akwai wata tsohuwa, Gwaggo Kande, mai yawo gida-gida da ƙwaryar kunu.

Sai Nomau ya lura, gidan da ta shiga sai a yi makoki. Ya jefa tsakuwa, ya jefa, har bakwai. Sai ya zazzage su gaban mai gari. Aka ce ai mayya ce, aka kore ta bayan ganuwa. Nomau kuwa har da ɗaga kafaɗa.

Ana nan, sai matarsa Delu ta kwanta ciwo. Kwana uku ba mai leƙowa. Sai ta ce, “Malam, da Gwaggo na nan, da na sha kunu.”

Maganar ta tsaya masa a rai. Sai ya tafi gidan da ya jefa wa tsakuwar farko, ya ce, “Ciwo ne ya riga shiga gidan nan, ko kuwa Gwaggo ce?”

Suka ce, “Ciwo, da wata guda.”

Ya je gida na biyu. Suka ce sai da kowa ya guje su sannan ta zo.

Ya je na uku. Matar gidan ta ce, “A hannunta mijina ya cika, tana masa fifita. Kai kana ina?”

Kunya ta rufe Nomau. Sai ya nufi bayan ganuwa, gora na kaɗawa a wuyansa. Ya tarar da tsohuwa a gindin tsamiya, ta rame, ƙwaryar kunu a rufe da faifai.

Ta ce, “Na Delu ne. Kullum sai na dama. Tsoro nake in shiga ka ƙara tsakuwa.”

Nomau ya durƙusa yana hawaye, ya ce, “Gwaggo, ki yafe mini.”

Ta ce, “Ajiye goran nan, ɗana, ka riƙe mini ƙwarya. Kunun yana hucewa.”

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Tsakuwa ta iya gaya muku sau nawa, amma dalili sai kun taka kun tambaya.