Ranar da Cikin Nomau Ya Daina Magana

Dalilin da ya sa ciki yake ƙugi, yana tona wa mai shi asiri a tsakiyar mutane, ku matso ku ji. Kada wanda ya katse ni, don labarin nan ko tuna shi na yi sai raina ya ɓaci.

A zamanin da, ciki magana yake yi tiryan-tiryan, amma can ƙasa-ƙasa, mai shi kaɗai ke ji. In ka ci tuwo sai ya ce, "Ya isa haka, bari in niƙa wannan tukuna." In ya niƙe, ya aika wa jini da tsoka da ƙashi rabonsu, sai ya ce, "Na gama, a ƙaro." In gishiri ya yi yawa ya nemi ruwa. Ba mai kumburin ciki, ba mai ƙwannafi, kowa garau.

To, a wani ƙauye akwai wani maƙeri, sunansa Nomau. Gwanin ƙira ne, amma kai, Allah ya zuba masa girman kai da baƙar zuciya! Matarsa Tabawa kuwa ba a garin nan wadda ta kai ta iya miya. Ran nan aka yanka kaza. Kun dai san ƙundu na maigida ne. Tabawa ta ware shi a gefe, ta juya ɗebo ruwa, kyanwa ta yi wuf ta gudu da shi. Da Nomau ya buɗe akushi ya laluba bai ji ƙundu ba, sai ya mayar da murfi ya ture.

"Maigida, ka yi haƙuri, wallahi kyanwa ce ta ɗauke," in ji Tabawa.

"A ƙoshe nake," in ji shi. Ya kaɗe riga ya fice.

Fushin ke nan. A kan ƙundu, jama'a! Ya ƙi tuwonta, ya ƙi kununta, kuma bai ci a ko'ina ba, don so yake ta gan shi yana ramewa abin ya ci mata rai.

Rana ta farko ciki ya ce, "Maigida, na hura wuta, ba a ɗora mini komai ba." Nomau ya yi kunnen uwar shegu. Rana ta biyu ya ce, "Ɗan zaƙin da hanta ta ajiye mana don ranar wahala ya ƙare." Tabawa kuwa kullum sai ta tuƙa, ta kai, ta ɗauko akushi yadda ta kai shi, maƙwabta na leƙe ta kan danga. A rana ta uku ta gaji, ta ƙulle kayanta ta yi yaji, ta tafi gidan ubanta Jatau a tsallaken rafi.

Ran nan Nomau na maƙera, guduma ta yi masa nauyi. Ciki ya ce, "Na fara narka kitsen ƙugunka don kada ka faɗi. Gobe naman cinyarka zan shiga. Ni me na yi maka? Ni na ci ƙundun? Ka je ka ba matar nan haƙuri ka ci abinci!"

Nomau ya harzuƙa, ya jefar da guduma, ya dunƙule hannu ya naushi cikinsa. "Kai har ka isa ka koya mini zama da iyalina? Buhun banza! Daga yau kada in ƙara jin kalma ɗaya daga gare ka!"

Ciki ya ji zafin naushin, amma zagin ya fi yi masa ciwo. Ya ce, "To, shi ke nan. Kalma dai ba za ka ƙara ji ba."

Kashegari gida ya yi wa Nomau faɗi. Murhu ya yi sanyi, ba ƙarar turmi, ba mai ce masa sannu da aiki. Yana son matarsa, wannan kam ba ƙarya, ko da yake bakinsa bai taɓa faɗa ba. Ya saɓa riga ya tafi biko, yana tafe jiri na ɗibarsa.

Ya durƙusa a zaure ya gai da surukinsa. Jatau dattijo ne mai sauƙin kai, bai tsawaita faɗa ba. Ya sa Tabawa ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, aka kawo zaure, shi kuma ya tashi ya ba da wuri, tunda suruki ba ya ci a gaban suruki. Tabawa ta laɓe a bayan zana da ƙullin kayanta a hannu. Loma ɗaya take jira ya kai baki, ta bi mijinta.

Nomau ya zauna yana kallon akushin, ƙamshin daddawa na dukan hancinsa, yawu ya cika masa baki. Ya miƙa hannu, sai ya hango ƙafarta a ƙarƙashin zana. Ya ce a ransa, au, kallona take yi, ta ga na sauko? Ya janye hannunsa. Ya saurara ko ciki zai lallashe shi kamar da, ya sami abin fakewa. Ciki ya yi gum.

Jatau ya dawo ya ga ko murfi ba a ɗaga ba. "Nomau, ba ka ci ba?"

"Alhamdu lillahi, Baba, a ƙoshe nake."

Nan fa ciki ya kai maƙura. An hana shi magana, ga abinci a gabansa, ga kuma ƙarya an shara a kansa. Ya tattaro iskar da ta cika hanji, ya murɗa, ya saki wani irin ƙugi, ƙururururu, kamar hadari ya taso. Awakin da ke ƙofar zaure suka watse. Jatau ya yi salati.

Tabawa ta fito idonta jawur. "Baba, kun ji da kunnenku. Da ina cewa ko wani wuri yake ci, ina ba shi uzuri. Ashe yunwa ce ke cinsa haka! Ya gwammace ta kashe shi da ya ci abin hannuna."

"Tabawa, tsaya, zan ci," in ji Nomau, ya kai hannu da sauri.

Ta riga shi ɗauke akushin. Ta ajiye ƙullin kayanta a ƙasa, ta shige cikin gida ba ta waiwaya ba. Jatau ya dube shi ya ce, "Tashi ka tafi. 'Yata ba za ta koma ba."

Daga ranar kowane ciki a duniya ya ɗauki fushin ɗan'uwansa, suka yi yajin magana gaba ɗaya. Aikinsu dai ba su fasa ba, suna niƙa suna rabawa, amma shawara ta ƙare.

Shi ya sa har yau mutum zai ci ya wuce ƙima, cikinsa na ji ba zai ce masa uffan ba. Amma bari yunwa ta kama shi, ya zauna cikin mutane yana cika baki wai ya ƙoshi, yanzun nan zai daka masa ƙugi kowa ya ji. Saboda haka ke mai turo baki a can, da kika ce kin yi fushi ba za ki ci ba, tun ɗazu nake jin naki. Jawo kwanon nan ki ci.